Sani Kaita: ɗan ƙwallon Kano da ya zaga ƙasashe tara

Da wuya a ambaci sunan Sani Kaita a majalisar masu sha'awar ƙwallon ƙafa a Najeriya ba a tuno da ranar 17 ga watan Yunin 2010 ba, ranar da aka ba shi jan kati a wasan Najeriya da Girka na gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu.

To sai dai wannan minti guda ya rufe sauran tarihin mutumin da ya shafe shekaru fiye da goma yana cin abinci da ƙwallo, ya samo wa ƙasarsa lambar azurfa har sau biyu, ya kuma sanya rigunan ƙungiyoyi sama da goma sha biyu a ƙasashe tara, tun daga Najeriya har Finland.

Mafari

An haifi Sani Haruna Kaita a birnin Kano ranar 2 ga watan Mayun 1986.

Ya fara yin suna ne a ƙungiyar Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida. A wancan lokaci Pillars ba ta kai ga lashe gasar lig ta Najeriya ba tukuna, domin sai a shekarar 2008 ta ɗauki kofinta na farko, bayan Kaita ya riga ya tafi Turai.

Ɗan wasan tsakiya ne mai taimaka wa masu tsaron baya. Aikinsa shi ne ya tsaya a gabansu ya datse hare-hare, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa wanda zai sarrafa ta. Aiki ne mai wuya wanda ba ya jan hankalin 'yan kallo, kuma mai yin sa bai cika zura ƙwallo a raga ba. Galibi ba a lura da shi sai ranar da ya yi kuskure.

Yaran Siasia

Duniya ta san Kaita ne a shekarar 2005, lokacin da Samson Siasia ya jagoranci Flying Eagles zuwa gasar matasa 'yan ƙasa da shekaru 20 ta duniya a ƙasar Holland.

Najeriya ta fara da yin canjaras babu ci da Brazil, ta sha kashi 2-1 a hannun Koriya ta Kudu, sannan ta lallasa Switzerland da ci 3 da nema. Daga nan ta fitar da Ukraine, ta kuma kori masu masaukin baƙi da ci 10-9 a bugun daga kai sai mai tsaron gida, bayan an tashi kunnen doki 1-1. A wasan kusa da na ƙarshe ta doke Maroko 3-0.

A wasan ƙarshe da aka yi a birnin Utrecht ranar 2 ga watan Yuli, Ajantina ta yi nasara da ci 2-1. Lionel Messi ne ya ci ƙwallayen biyu, dukkansu a bugun fenareti, yayin da Chinedu Ogbuke, wanda daga baya aka fi sani da Obasi, ya ci wa Najeriya.

Yabon ya tafi ne ga John Mikel Obi da Taye Taiwo, waɗanda suka zo na biyu da na uku bayan Messi a jerin gwanayen gasar. Amma masu kallon ƙwallo da idon basira sun lura cewa sararin da Mikel ya samu yana raba ƙwallo yadda ya ga dama, akwai wanda ke share masa hanya a bayansa.

Jami'an ƙungiyar Sparta Rotterdam na cikin waɗanda suka lura da hakan, kuma a wannan shekarar suka ɗauke shi.

Sparta tsohuwar ƙungiya ce da aka kafa tun 1888, kuma a 2005 ɗin ne ta dawo babban rukunin gasar Holland. Ba baƙuwar hanya ba ce ga 'yan wasan arewacin Najeriya, domin Tijjani Babangida da Garba Lawal sun riga shi taka leda a ƙasar, dukkansu sun ratsa ta ƙungiyar Roda JC, shi Tijjani har ya kai ga Ajax.

Kaita ya yi shekaru uku a Rotterdam, wanda shi ne zama mafi tsawo da ya yi yana wasa a wata ƙungiya guda a Turai. Amma bai samu gurbi na dindindin a cikin 'yan wasa goma sha ɗayan farko ba.

Azurfa ta biyu

A shekarar 2008 Siasia ya sake tattara akasarin yaransa domin gasar Olympics ta Beijing. A wannan karo babu Mikel babu Taiwo, don haka nauyin tsakiyar fili ya faɗo kan Kaita da Ebenezer Ajilore.

Najeriya ta yi canjaras da Holland, ta doke Japan da Amurka da ci 2-1 kowaccensu, ta fitar da Cote d'Ivoire 2-0, sannan ta yi wa Belgium 4-1 a wasan kusa da na ƙarshe.

Ajantina ce ta sake tare hanya. An buga wasan ƙarshe ranar 23 ga watan Agusta da tsakar rana, cikin zafin da ya sa alƙalin wasa ya riƙa tsayar da wasa domin 'yan wasa su sha ruwa. Angel Di Maria ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo a minti na 58, bayan Messi ya zura masa ita.

Da dama daga cikin masu sharhi na ganin a wannan gasa ce Kaita ya yi wasa mafi kyau a rayuwarsa. Yana da shekaru 22, yana da lambobin azurfa biyu na gasannin duniya, kuma jim kaɗan bayan an dawo daga China ƙungiyar Monaco da ke wasa a gasar Faransa ta saye shi.

Shekarun aro

A takarda, Kaita ya kasance ɗan wasan Monaco daga 2008 zuwa 2011. A zahiri kuwa, kusan dukkan wasannin da ya buga a waɗannan shekaru a wasu wurare ya buga su, domin ƙungiyar ta yi ta bayar da aronsa.

Tsarin aro a ƙwallon ƙafa yana nufin ƙungiyar da ta mallaki kwantiragin ɗan wasa ta miƙa shi ga wata na ɗan lokaci, ita kuma wadda ta karɓa ta ɗauki nauyin albashinsa ko wani ɓangare na albashin. An fi yin hakan ga matashin da ake so ya goge kafin ya dawo gida. Amma akan yi shi kuma ga ɗan wasan da mai horarwa ba ya da niyyar amfani da shi, domin a rage kashe kuɗi har kwantiraginsa ya ƙare.

Mai zuwa aro yana shiga ƙungiyar da ba ta zuba jari a kansa ba, don haka ba ta da dalilin yin haƙuri da shi. In ya ji rauni ko ya yi makonni biyu ba ya kan ganiyarsa, sai a ajiye shi a benci a sa nata.

A 2009 an tura Kaita Kuban Krasnodar da ke kudancin Rasha, inda ya tarar da Haruna Babangida, ƙanen Tijjani. A can ya samu wasanni akai-akai, ko da yake ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a ƙarshen kakar. A wancan zamani gasar Rasha na farawa ne a watan Maris ta ƙare a Nuwamba, saboda tsananin sanyi.

A farkon 2010 ya koma Alania Vladikavkaz da ke yankin Caucasus. Alania ta taɓa lashe gasar Rasha a 1995, amma a 2010 ta shigo babban rukuni ne kawai saboda ƙungiyar FC Moscow ta janye bisa rashin kuɗi. Ita ma ta faɗi a ƙarshen kakar.

Wato ke nan tun kafin a je Afirka ta Kudu, Kaita ya riga ya zama mai yawo da jakarsa a kafaɗa. Wannan na da muhimmanci, domin akwai masu cewa jan katin Bloemfontein ne ya tarwatsa rayuwarsa ta ƙwallo. Jerin ƙungiyoyin ya nuna cewa yawon ya soma tun shekara guda da rabi kafin katin.

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da ya rasa wurin zama a Turai ne ya fi samun karɓuwa a Super Eagles. Yana cikin tawagar da Shuaibu Amodu ya kai gasar cin kofin ƙasashen Afirka a Angola a watan Janairun 2010, inda Ghana ta fitar da Najeriya a wasan kusa da na ƙarshe da ƙwallon Asamoah Gyan, ita kuma ta doke Aljeriya ta zo ta uku.

Bayan gasar aka sauke Amodu, aka kawo Lars Lagerback ɗan ƙasar Sweden, saura watanni kaɗan a fara gasar cin kofin duniya.

Bloemfontein

Ana dab da fara gasar Mikel ya janye saboda rauni a gwiwa. Lagerback ya haɗa Dickson Etuhu da Lukman Haruna a tsakiya, ya tura Kaita gefen dama, wurin da ba nasa ba ne na asali.

A haka aka buga wasan farko da Ajantina a Johannesburg ranar 12 ga watan Yuni. Gabriel Heinze ya ci da ka tun a minti na shida, kuma in ba don bajintar mai tsaron gida Vincent Enyeama ba, da cin ya wuce ɗaya.

Wasa na biyu shi ne wanda kowa ya sa rai a kansa. Girka ba ta taɓa cin ko da ƙwallo ɗaya a gasar cin kofin duniya ba. A 1994 an zura mata goma ba ta rama ba, ciki har da biyun da Finidi George da Daniel Amokachi suka ci wa Najeriya, kuma a wasanta na farko a 2010 Koriya ta Kudu ta doke ta 2-0. Ita kuma Najeriya rabonta da nasara a gasar tun 1998.

Minti 16 da farawa Kalu Uche ya yi bugun tazara, ƙwallon ta wuce kowa ta shige raga. Najeriya na kan gaba, Girkawa kuma sun rasa ta inda za su ɓullo.

A minti na 33 ƙwallo ta fita waje a gefen fili. Kaita da ɗan bayan Girka Vasilis Torosidis suka yi 'yar hatsaniya a bakin layi, suka ture juna, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Torosidis ya zube ƙasa. Alƙalin wasa Oscar Ruiz ɗan ƙasar Colombia ya zaro jan kati kai tsaye.

An yi ta muhawara kan ko shurin ya taɓa Torosidis sosai, kuma hotunan talabijin sun nuna cewa faɗuwar ta fi bugun ƙarfi. Amma dokar wasa ba ta bar wa alƙali zaɓi ba. Kai wa abokin karawa duka ko shuri a lokacin da ba ƙwallo ake nema ba laifi ne na kora, ko da yunƙuri kawai aka yi.

Kaita ya durƙusa a fili, sannan ya fita ya lulluɓe kansa da rigarsa.

Mai horar da Girka, Otto Rehhagel, bai ɓata lokaci ba. Ya cire ɗan baya Sokratis Papastathopoulos ya sako ɗan gaba Georgios Samaras. Saura minti guda a tafi hutun rabin lokaci, Dimitris Salpingidis ya buga ƙwallo ta goge jikin Lukman Haruna ta shiga raga. A minti na 71 Enyeama, wanda ya yi ta ceton ƙungiyar, ya amayar da ƙwallon da Alexandros Tziolis ya buga daga nesa, sai Torosidis ɗin nan dai ya ƙarasa ta. An tashi 2-1, nasarar Girka ta farko a tarihin gasar.

Fushin jama'a

Kaita ya fito ya nemi gafarar 'yan Najeriya da abokan wasansa. Hakan bai kwantar da hankula ba.

Kakakin tawagar, Peterside Idah, ya shaida wa manema labarai cewa an aiko da saƙonnin barazanar kisa fiye da dubu ɗaya, kuma an sanar da hukumomi. Kafafen yaɗa labarai sun ɗauki maganar da muhimmanci, ganin ba a manta da Andres Escobar ba, ɗan wasan Colombia da aka harbe a birnin Medellin a watan Yulin 1994, kwanaki kaɗan bayan ya ci gida a wasansu da Amurka.

Shi kuwa Kaita ya ce a matsayinsa na Musulmi ya yi imanin cewa rai da mutuwa a hannun Allah suke.

Babu wanda zai wanke shi daga laifi. Ya bar abokansa su goma na kusan sa'a guda a wasan da suke riƙe da shi, a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma lissafin rukunin ya nuna cewa katin bai fitar da Najeriya daga gasar ba.

Ko a wasan na Girka, ana kunnen doki 1-1, Obasi ya samu ƙwallo a gaban raga babu kowa ya watsar da ita. A wasa na uku kuma, ranar 22 ga watan Yuni, Ajantina ta yi wa Najeriya aiki ta doke Girka 2-0, ta yadda nasara da ko da ƙwallo ɗaya a kan Koriya ta Kudu ta isa a tsallaka zagaye na biyu. An tashi 2-2, bayan Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da wata dama daga 'yan taku kaɗan da raga, wadda har yanzu ake nunawa a jerin manyan ɓarnar da aka yi a gasar.

Ranar 30 ga watan Yuni shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar dakatar da ƙungiyar daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekaru biyu. Ya janye matakin bayan 'yan kwanaki, sakamakon barazanar hukumar Fifa, wadda ba ta yarda gwamnatoci su tsoma baki a harkar ƙwallo ba.

Akan kwatanta lamarin Kaita da na David Beckham, wanda aka kora a wasan Ingila da Ajantina a 1998 saboda ya shuri Diego Simeone, ya kuma sha tsangwama a gida. Bambancin shi ne Beckham ya koma Manchester United, ƙungiyar da ta tsaya masa, ya ɗauki kofuna uku da ita a kakar da ta biyo baya, ya zama kyaftin ɗin Ingila. Kaita ya koma ne ga kwantiragin aro, babu wani babban dandali da zai wanke sunansa a kai.

Ba ya cikin tawagar da Stephen Keshi ya lashe kofin Afirka da ita a 2013, ba ya kuma cikin wadda ta je Brazil a 2014.

Daga Kharkiv zuwa Nicosia

A rabin ƙarshe na 2010 Monaco ta ba da aronsa ga Metalist Kharkiv ta Ukraine, ƙungiya mai ƙarfi da ta saba zuwa ta uku a bayan Shakhtar Donetsk da Dynamo Kiev. Bai daɗe ba.

A farkon 2011 kuma, watanni bakwai kacal bayan Bloemfontein, sai ga shi a ƙasar Girka, a ƙungiyar Iraklis ta birnin Thessaloniki. A ƙarshen kakar hukumomi suka hana Iraklis lasisi, aka sauke ta daga babban rukuni. A wannan shekarar ce ita ma Monaco ta faɗa rukuni na biyu a Faransa, alaƙarta da Kaita ta zo ƙarshe.

Ya sake komawa Ukraine, wannan karo Tavriya Simferopol da ke yankin Crimea, ƙungiyar da ta fara lashe gasar ƙasar a 1992 bayan rushewar Tarayyar Soviet. Daga can ya nufi tsibirin Cyprus a 2012, ya shiga Olympiakos Nicosia, wadda wasu kan rikita ta da babbar Olympiakos ta Girka.

Yawancin ƙungiyoyin da ya ratsa ba su da tushe mai ƙarfi. Sun dogara ne ga gwamnatin yanki ko wani attajiri guda, kuma da zarar kuɗin ya tsaya sai komai ya tsaya. Tavriya ta wargaje a 2014 bayan Rasha ta mamaye Crimea. Alania ta durƙushe a wannan shekarar saboda bashi. An cire Metalist daga gasar Ukraine a 2016, Kuban kuma ta rushe a 2018.

Irin yawon aron da Kaita ya yi ya zama da wuya a yanzu. Daga watan Yulin 2022 Fifa ta taƙaita yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta iya bayarwa ko karɓa aro daga ƙasashen waje, ta kayyade wa'adin aro zuwa shekara ɗaya, ta kuma hana ƙungiyar da ta karɓi aro ta sake miƙa ɗan wasan ga wata.

Ba shi kaɗai ba ne cikin yaran 2005 ya bi wannan hanya. In aka cire Mikel da ya yi shekaru fiye da goma a Chelsea, da Taiwo da ya yi suna a Marseille, da Obasi da ya taka leda a Hoffenheim da Schalke, akasarinsu rayuwar ƙaura suka yi. Solomon Okoronkwo ya bi ta Jamus da Rasha da Norway da Hungary. Olubayo Adefemi ya rasu a hatsarin mota a Girka a watan Afrilun 2011, yana wasa a Skoda Xanthi. Kyaftin ɗinsu Isaac Promise, wanda ya yi yawancin wasansa a ƙungiyoyin Turkiyya, ya rasu a Amurka a 2019 yana da shekaru 31.

Zangon ƙarshe

Kaita ya dawo gasar cikin gida a 2014 inda ya shiga Enyimba ta Aba. Tsakanin wannan shekara da ta 2015 ya kuma sanya rigar Saxan, wata ƙaramar ƙungiya a garin Ceadir-Lunga na kudancin Moldova, da ta Ifeanyi Ubah ta Nnewi a jihar Anambra.

A 2016, yana da shekaru 30, ya tafi Finland ya shiga ƙungiyar Hercules ta birnin Oulu, wadda ke wasa a ƙananan rukunin ƙasar. A shekarar da ta biyo baya ya haura babban rukuni tare da RoPS ta Rovaniemi, gari a can ƙuryar arewa inda rana ba ta faɗuwa na wasu makonni a tsakiyar shekara, a lokacin hunturu kuma da ƙyar take leƙowa. Gasar Finland na gudana ne daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma a can ne ya buga wasanninsa na ƙarshe a babban rukunin wata ƙasar Turai.